Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Saye da Farfaɗo da Tsofaffin Ƙananan Taraktoci a Birnin Zariya

Duk wanda ya san birnin Zariya ya san cewa ganuwarsa ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Magabatan da suka gina ta sun bar sarari mai yawa a cikinta domin noma, saboda ko da abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya, jama'a su sami abin kaiwa bakin salati. A yau gine-gine sun cinye kaso mai tsoka na wannan sarari, amma duk da haka noma bai bar birni ba. Akwai sauran gonaki da lambuna a gefen ganuwa, akwai kuma ɗimbin magidanta a Kwarbai da Kaura da Limancin Kona da sauran unguwanni, waɗanda da zarar damina ta faɗi sai su fita ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona ko Ƙofar Kuyambana zuwa gonakinsu na gado. Malamin zaure ne, ko maɗinki, ko ɗan kasuwa, ko ma'aikacin gwamnati, da wuya a rasa 'yar gonar da yake tattali.

Abin da ya gagari irin wannan manomi a yau shi ne ƙarfin da zai juya ƙasa a kan lokaci. Gayya ta ja baya, 'yan ƙwadago sun yi tsada, samari kuwa da yawansu sun fi son haya da babur ko Keke Napep a kan duƙawa da fartanya. Ajiye shanun huɗa a tsakiyar birni abu ne mai wuya, barinsu a ƙauye kuma ya zama kasada tun da satar shanu ta yawaita a yankin. Babbar tarakta, wadda aka fi sani da tantan, tana hannun masu hali, kuma mai eka ɗaya shi ne na ƙarshe a layin haya. Ra'ayin da wannan muƙala ke karewa shi ne, abin da ya fi dacewa da wannan manomi shi ne tsohuwar ƙaramar tarakta, wadda aka saya da idon basira, aka kuma farfaɗo da ita a hannun makanikan gari. Dalili kuwa, darajar inji a wuri irin Zariya tana ga gyaruwarsa, wato ko akwai mai iya kwance shi da ɗaure shi a kusa, da kuma ko za a sami kayansa a kasuwa ranar da ya tsaya.

Wace Ce Ƙaramar Tarakta?

Ya kamata a fara da rarrabewa, domin injuna uku ne ake haɗawa a ƙarƙashin wannan suna. Na farko shi ne tarakta mai ƙafa biyu, wadda 'yan kasuwa ke kira fawa-tila. Mutum yana riƙe da hannuwanta yana biye da ita a ƙasa, kamar yadda ake bin garmar shanu. Yawancin waɗanda ake gani a ƙasar nan ƙirar Sin ne ko Indiya ko Japan, injinsu na dizal ne mai fiston guda, ƙarfinsa kuma bai cika wuce na doki 8 zuwa 15 ba. Na biyu shi ne ƙaramar tarakta mai ƙafa huɗu, irin ta kamfanonin Kubota da Yanmar da Iseki na Japan, waɗanda aka ƙera domin ƙananan gonakin shinkafa na can. Na uku shi ne wadda Amurkawa ke amfani da ita a harabar gida, irin su Cub Cadet da aka fara sayarwa a 1961, da John Deere 110 ta 1963. A Amurka akwai mutanen da ke neman waɗannan tsofaffin injuna a rumbunan gidajen gona, su kwance su, su yi musu sabon fenti, su kai su wuraren baje koli domin sha'awa kawai.

Wannan nau'i na uku ba shi da wani alheri ga manomin Zazzau. Akasarinsu fetur suke sha, an tsara su ne domin yankan ciyawa da ture ƙanƙara da ɗan aikin lambu a ƙasa mai laushi, ƙirjinsu yana kusa da ƙasa har ba sa iya tsallake kunya, kayan gyaransu kuma sai an yi odarsu daga ƙetare. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu a cikin kayan gwanjo ya ruɗu da kyan jikinta, ya sayi abin wasa da kuɗin taki. Maganar da ake yi a nan ta shafi nau'i na farko da na biyu ne, musamman na farkon.

Abin da Tarihi Ya Nuna

Neman sauƙaƙa wa manomin Arewa aiki da inji ba yau aka fara ba, kuma Zariya tana tsakiyar labarin. Tun 1922 Turawan mulkin mallaka suka buɗe tashar binciken noma a Samaru, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A shekarun 1920 da 1930 aka shiga koya wa manoma huɗa da shanu, kuma wannan dabara ta kama ƙasa ta zauna, saboda maƙerin ƙauye yana iya gyara garmar, manomi kuma ya san kiwon sa tun yana yaro. Da aka zo kan manyan injuna sai labari ya sauya. Shirin noman zamani da aka buɗe a Mokwa a 1949, da taraktoci da ƙwararru daga Ingila, bai wuce 1954 ba ya rushe. Daga baya gwamnatoci suka kafa sassan ba da hayar tarakta, aka yi shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 a zamanin Janar Olusegun Obasanjo, aka yi Juyin Noma na 1980 a zamanin Alhaji Shehu Shagari, aka kuma kafa masana'antun haɗa tarakta na Steyr a Bauchi da na Fiat a Kano. Kowane shiri ya zo da sababbin injuna, kuma bayan 'yan shekaru da yawansu sun ƙare a kan duwatsu a harabar ma'aikatun gona, ciyawa ta fito ta cikinsu, galibi saboda rashin wani ɗan ƙaramin ƙarfe da ba a tanada ba, ko saboda dukiyar da ba ta da takamaiman mai ita ba ta samun mai tausayinta.

Ba a daina wannan hanya ba. A watan Yunin 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka shigo da su daga ƙasar Belarus. Adadin yana da daɗin ji, amma idan aka raba shi ga ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, kowace ba za ta sami uku cikakku ba. Ko da an ce ukun sun iso Zariya lafiya, ba za su shiga gonar da gado ya rarraba ta zama tsiri-tsiri ba, ga ɗorawa a tsakiya, ga mangwaro a kan iyaka, ga kuma hanyar da ba ta wuce faɗin jaki da mangala ba. Babbar tarakta tana son fili mai faɗi da wurin juyawa, direbanta kuma ba zai ƙona mai ya yi tafiyar kilomita da dama domin rabin eka ba.

Akwai wani bincike da ya dace a ambata a nan. A 2013 masana daga cibiyar nazarin manufofin abinci ta duniya, wato IFPRI, sun tattauna da masu taraktoci a jihohin Kaduna da Nasarawa. Abin da suka gano shi ne, waɗanda suka sayi injunansu a kasuwa da kuɗin aljihunsu, da yawa kuma na hannu ne, sun fi waɗanda suka samu ta hanyar rangwamen gwamnati yin aiki da su da cin moriyarsu. Ba abin mamaki ba ne. Wanda ya sayi tsohon inji ya zaɓe shi da kansa, ya san ciwonsa, ya san makanikinsa, kuma ya san idan ya kwana bai yi aiki ba shi ne da asara.

Darasi mafi girma kuwa daga Bangladesh yake, ƙasar da gonakinta suka fi na Zazzau ƙanƙanta. Bayan mummunar ambaliyar 1988, wadda ta halaka dabbobin noma masu yawa, gwamnatin ƙasar ta sassauta dokokin shigo da ƙananan injunan dizal da taraktoci masu ƙafa biyu daga Sin. Ƙwararru sun raina waɗannan injuna, suna ganin ba su da ƙarko. Manoma kuwa suka rungume su saboda araha da sauƙin gyara. A yau akasarin gonakin ƙasar da su ake kaftu, garin Bogura kuma ya zama cibiyar ƙera kayan gyaransu a ƙananan maƙeru. Mai inji ɗaya yana yi wa maƙwabta da dama aiki a biya shi. Abin lura shi ne, makanikai da maƙera ne suka riƙe wannan sauyi, gwamnati hanya kawai ta buɗe.

Dalilin Fifita Tsohuwa

Dalili na farko a bayyane yake, wato kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira ga kasuwa a watan Yunin wannan shekara, farashin duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Sabuwar ƙaramar tarakta ta fi ƙarfin malamin firamare ko maɗinkin hula. Tsohuwa kuwa, wadda wani shirin raya fadama ya raba shekarun baya aka jingine ta, ko wadda mai ita ya gaji da ita, ana iya samunta da rangwame mai yawa, wani lokaci ma a ceto ta daga hannun 'yan gwangwan kafin su farfasa ta su auna a sikeli.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi. Tsofaffin injuna an ƙera su ne a zamanin da ake sa ran mai su zai gyara su da sifana da guduma. Ba su da na'ura mai ƙwaƙwalwa da sai an kawo kwamfuta kafin a gane abin da ke damunsu. Injin dizal mai fiston guda da ke kan fawa-tila ɗan uwan injin niƙa ne da na ban-ruwa, waɗanda makanikan Tudun Wada da Sabon Gari suka shafe shekaru suna kwancewa suna ɗaurewa. Fiston da ringi da nozul da gasket ɗinsa ba baƙi ba ne a shagunan kayan inji. Abin da aka rasa a Zariya akan neme shi a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, abin da ya gagara kuma mai walda ko mai injin gurza ƙarfe ya ƙera madadinsa. Shaida a kan haka ita ce Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975. Ko da yake ta fi waɗanda ake magana a kansu girma, har yau ana cin karo da irinta tana aiki a gonakin Afirka, bayan injuna da dama da suka zo a bayanta sun zama kwance.

Dalili na uku shi ne yawan amfani. Injin da zai yi aikin wata biyu a shekara ya kwanta ba zai taɓa mayar da kuɗinsa ba. Ƙaramar tarakta kuwa ba ta da lokacin hutu idan mai ita yana da dabara. Da damina ta yi kaftu a fadamar shinkafa. Da rani ta gyara fangalin tumatir da albasa da karas da kabeji a bakin Kubanni da Galma, wajen Dakace da maƙwabtanta. Idan aka ɗaura mata bel sai ta juya famfon ban-ruwa ko injin sussukar masara. Idan aka jona mata 'yar tirela sai ta shiga lungunan birni ta kwashe takin gida zuwa gona, aikin da jakuna suka saba yi kafin cinikin fatarsu ya sa su yi ƙaranci da tsada. Da kaka kuma ta dawo da amfanin gona har ƙofar gida. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma duk manomin da ya taɓa zuba ido yana jiran tantan ɗin haya har lokacin shuka ya wuce ya san gaskiyar wannan magana.

Yadda Ake Saye

A nan ne ake samun riba ko a tafka asara, don haka ya dace a ɗan tsaya. Tambayar farko da mai saye zai yi ba ta shafi injin da ke gabansa ba. Zai fara zagaya shagunan kayan gyara ne ya tambaya, shin akwai kayan wannan samfuri? Idan masu shago uku suka girgiza kai, to ya haƙura ko da kyauta za a ba shi. Wannan ya fi shafar ƙananan taraktocin Japan masu ƙafa huɗu. Ingancinsu ba abin musu ba ne, amma da yawansu an yi su ne domin kasuwar cikin gida ta Japan, rubutun jikinsu ma da harshen can yake, kuma akwai samfuran da neman kayansu ya fi neman allura a cikin ruwa wuya.

Bayan haka sai a je da makanikin da aka amince da shi, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa ko dillali. A nemi ganin injin da sassafe, tun bai yi zafi ba, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye laifinsa. A sa hannu a taɓa shi a tabbatar da sanyinsa kafin a tayar. Lafiyayyen injin dizal ba ya wahalar tashi. Idan ya tashi sai a dubi hayaƙinsa. Baƙin hayaƙi mai yawa alama ce ta man da ba ya ƙonewa sosai, kuma sau da yawa laifin nozul ne ko toshewar matatar iska, gyaransa bai cika tsada ba. Shuɗin hayaƙi yana nuna injin yana shan baƙin mai, wato ringi ko hannun riga sun cinye. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi kuwa yana iya nufin ruwa yana shiga inda bai kamata ba. A zaro ma'aunin baƙin mai a duba, idan ya yi kalar madara to ruwa ya gauraya da shi, ko dai gasket ya ƙone, ko kuma, wanda ya fi muni, kan injin ko gangar jikinsa ta tsage. Tsagewar gangar jiki ita ce aibin da ya kamata ya raba ciniki nan take.

Kada a tsaya ga jin ƙara kawai. A sa kowace giya a ji ko tana shiga ba gardama, ko tana fita da kanta. A kai injin gona a sa shi ya ci ƙasa na ɗan lokaci, domin akwai wanda zai yi ta ruri a tsaye, da an ɗora masa nauyi sai ya shaƙe. A dubi haƙoran da ke juya ƙasa, da sarƙar da ke juya su, da tayoyi, waɗanda sauya su kaɗai kan ci kuɗi mai yawa. Sabon fenti kuwa abin tuhuma ne. Injin da ya zo da tsatsarsa da tabon mansa ya fi faɗin gaskiya a kan wanda aka yi wa wanka da kwalliya jiya da yamma.

Sai batun takardu. Wajibi ne a ga lambar inji a rubuta ta a takardar ciniki, da sunan mai sayarwa da shaidu, a kuma san asalin injin. Akwai kayan sata, akwai kuma kayan gwamnati ko na ƙungiya da wani ya karkatar. Wanda ya sayi irin wannan, ranar da asiri ya tonu zai rasa inji ya rasa kuɗi, ya kuma sha tambayoyi. Ga mai sayarwa kuma, birnin da ake karanta Risala a zaurukansa bai kamata a tuna masa cewa ɓoye aibin haja haramun ne ba, kuma a fiƙihun Malikiyya mai saye yana da haƙƙin mayar da abin da ya tarar da ɓoyayyen aibi a cikinsa. Da za a riƙe wannan hukunci a kasuwar tsofaffin injuna kamar yadda ake karanta shi, da tsoron da ke hana mutane saye ya ragu ƙwarai.

Farfaɗowa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba dukkan abin da aka tara a kan saye, a wayi gari babu na gyara. Mai hankali yakan ware wani kaso tun farko, ya kuma ɗauka cewa za a tarar da abin da ba a gani ba. Lokacin da ya dace da aikin shi ne bayan kaka zuwa tsakiyar rani, sa'ad da akwai ɗan kuɗi a hannu kuma babu gaggawa. Wanda ya kai inji gareji a watan Mayu, hadari yana haɗuwa, ya sa makaniki aikin ganin ido.

Tsarin aikin shi ne a fara da ciki a ƙare da waje. A wanke, a kwance, a jera kowane ƙarfe a wuri mai tsabta, domin ƙura ita ce babbar abokiyar gabar injin dizal, a ƙasar da hunturu ke busawa wata uku. A auna abin da ya cinye a sauya shi, a kai famfon mai da nozul wurin masu saita su, a wanke tanki, a sa sababbin matatu, a duba boris da giya, a zuba sabon baƙin mai da giris. Fenti shi ne na ƙarshe, amfaninsa kuma hana tsatsa. A nan ne mai farfaɗo da inji a Zariya ya bambanta da takwaransa na Amurka, wanda zai iya ɓata shekara yana neman ainihin launin da kamfani ya shafa. A wajen kayan gyara kuma araha ba ta ado. Jabun ringi ko jabun matata na iya mayar da aikin wata guda banza a cikin mako. Bayan an ɗaure inji, sai a lallaɓa shi da ƙaramin aiki na 'yan kwanaki, a sake sauya baƙin mai, kafin a ɗora masa cikakken nauyi.

Abin da Masu Suka Ke Cewa

Akwai masu ganin cewa tsohon inji rijiya ce mai cin kuɗi, kuma sayen na hannu mayar da ƙasa juji ne na abin da wasu suka yar. A maganarsu akwai ƙamshin gaskiya, domin an sha ganin wanda ya sayar da gona ya sayi inji, ya ƙare ba gona ba inji. Sai dai idan aka bi diddigi, akasari an tsallake ɗaya daga cikin matakan da aka ambata ne, ko dai an sayi samfurin da ba shi da kaya, ko an ba yaron da bai san hannunsa ba ya riƙa tuƙawa, ko an bar shi shekara ba a sauya masa mai ba. Sabon inji ma da aka yi wa haka ba zai kai labari ba.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ta iyakar injin kansa. Tarakta mai ƙafa biyu ba ta da nauyin da za ta fasa busasshiyar ƙasar tudu, musamman irin ta yankin Samaru wadda kan yi ɓawo ta taurare bayan ruwa ya ɗauke. Sai ƙasa ta jiƙa take aiki, kuma ta fi sakewa a fadama da lambu. Haka nan ba ta magance matsalar ciyawa gaba ɗaya. Binciken da David Norman ya yi a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a tsakiyar shekarun 1960 ya nuna cewa lokacin da aiki ya fi shaƙe manomin Zazzau shi ne watannin Yuni da Yuli, lokacin noman fari da maimai, ya kuma nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya hikima ce mai rage kasada. Gonar da aka yi wa irin wannan shuka ba ta cika karɓar inji ba bayan tsiro ya fito. Saboda haka fartanya ba za ta yi ritaya ba. Haka kuma a ƙauyen da ke da makiyaya da kwanciyar hankali, shanun huɗa sun fi inji, domin suna cin harawa su ba da taki, kuma a sayar da su da riba bayan sun yi aiki. Wannan muƙala ba ta ce a watsar da su ba. Tana magana ne a kan ɗan birni da ɗan gefen birni, wanda ba shi da turke ba shi da makiyayi.

Game da tsadar dizal kuwa, amsarta lissafi ne. Wanda zai sayi inji domin eka ɗayarsa kawai ya yi asara tun kafin ya fara. Dole ne injin ya yi wa mutum goma ko ashirin aiki a biya, ko kuma 'yan uwa ko ƙungiyar unguwa su haɗa kuɗi ta hanyar adashi su saya. Amma idan an yi tarayya, to a damƙa shi ga mutum ɗaya tak wanda zai riƙa tuƙawa da kulawa, a yanka masa ladansa, a kuma buɗe littafin shiga da fita. In ba haka ba za a maimaita tarihin taraktocin ma'aikata a cikin zaure. Akwai kuma haɗari, wanda ba a cika maganarsa ba. Haƙoran da ke juya ƙasa ba su san ƙafa ba, bel yana kama babbar riga, hannun tayar da inji kuma yana iya dawowa ya karya wuyan hannu. Makanikai da yawa kan cire murafun kariya su yar saboda suna tare musu hanya. Mayar da waɗannan murafu wani sashe ne na farfaɗowa.

Ina Ruwan Malami?

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya kawo maganar inji a littafin ɗaliban Hausa. Da farko, malamin da za a tura Wuciciri ko Dambo ko Dutsen Abba zai tarar da 'ya'yan manoma ne a ajinsa, shi kansa kuma mai yiwuwa da noma zai riƙa cike giɓin albashi. Na biyu, makaranta tana da hannu a cikin raina sana'ar hannu. An daɗe ana tsorata yaron da bai yi ƙoƙari ba da cewa zai ƙare a gareji, alhali kuwa wanda ke iya sauraren inji ya faɗi ciwonsa ya mallaki ilimin da ba kowane mai digiri ke da shi ba. Lokacin da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, an sayo kayan koyar da fasaha daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantun sakandare, da yawansu kuma suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da rashin masu koyarwa. Tsohon injin dizal guda, wanda ba ya bukatar lantarki, idan aka ajiye shi a gonar makaranta aka gayyato makanikin unguwa ya kwance shi a gaban ɗalibai, zai koyar da abin da waɗancan akwatuna suka kasa.

Na uku kuma shi ne aikin da ya rataya a wuyan masu nazarin harshe kai tsaye. Littattafan da ke zuwa da waɗannan injuna da Ingilishi suke ko da Sinanci, in ma ba su ɓace ba, masu aiki da su kuwa da Hausa suke tunani. Makanikai sun riga sun yi nisa wajen samar da kalmomi. Sun ari wasu sun daidaita su da harshe, kamar lagireto da kuloci da boris da karanshaf. Sun kuma faɗaɗa ma'anar wasu na gida, har inji yana da kai da hannun riga da haƙora, yana tari, yana shan mai, yana bugawa. Wannan taska ce ta nazarin aron kalmomi da faɗaɗa ma'ana, kuma kaɗan daga cikinta ne ya shiga ƙamus. Zariya ce garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, a Samaru kuma hukumar NAERLS take, wadda aikinta shi ne isar da sakamakon bincike ga manoma. Ɗalibin da ke neman batun kundin kammala karatu zai iya ɗaukar littafin rubutu ya zauna mako biyu a garejin masu injin niƙa a Tudun Wada, ya tattara sunan kowane ƙarfe da kowace cuta ta inji kamar yadda masu sana'ar ke faɗa, sa'an nan ya tsara ɗan littafi mai shafi ashirin da zane-zane, wanda zai nuna wa mai fawa-tila lokacin sauya baƙin mai, da yadda ake wanke matatar iska, da abin da kowane launin hayaƙi ke nufi.